BISHOF FOTINUS: TSOHON DA YA SHUGABANCI BAƘI A BIRNIN LIYON

A cikin shekarar 177 miladiyya, a wani birni na ƙasar Faransa ta yau wanda Rumawa suke kira Lugdunum, watau Liyon, sojoji suka jawo wani tsoho zuwa gaban gwamnan lardi don a yi masa shari'a. Tsohon nan ya haura shekara 90 da haihuwa, ga shi ciwo ya ci ƙarfinsa, ko numfashi da ƙyar yake ja. Manyan gari suna biye da shi, taron jama'a kuwa sai ihu suke yi ta kowane gefe. Laifin da ake tuhumarsa da shi guda ɗaya ne, watau shi ne shugaban Kiristocin garin. Sunansa Fotinus, Faransawa kuwa Pothin suke ce da shi, kuma shi ne bishof na farko da tarihi ya san da shi a duk faɗin ƙasar.

Kwana 2 bayan wannan shari'a ya rasu a kurkuku. Abin da ya hana sunansa ɓacewa wata doguwar wasiƙa ce da waɗanda suka tsira daga cikin jama'arsa suka rubuta wa 'yan'uwansu na Asiya da Firijiya, a ƙasar Turkiyya ta yau, inda da yawansu suka fito. Wasiƙa ce irin wadda mutanen da suka yi nisa da gida sukan aika, su faɗi wanda ya mutu, da yadda ya mutu, da halin da saura suke ciki. Bayan fiye da shekara 100, wani malamin tarihi mai suna Yusibiyus, bishof na Kaisariya ta Falasɗinu, ya kwafi babban sashenta a kashi na 5 na tarihin ikilisiya da ya wallafa a farkon ƙarni na 4. Ta hannunsa ne labarin ya iso ga mutanen yau.

BIRNIN FATAKE

Rumawa sun kafa Lugdunum a shekara ta 43 kafin haihuwar Annabi Isa, a bisa wani tudu da ake kira Fourviere yanzu, kusa da inda Kogin Rhone da Kogin Saone suka haɗu. Ba a daɗe ba garin ya bunƙasa ya zama hedkwatar lardi, har aka kafa gidan buga kuɗin gwamnati a cikinsa. Manyan hanyoyin ƙasar Gol, kamar yadda ake kiran Faransa a wancan zamani, daga nan suke rarrabuwa. Jiragen ruwa sukan hauro Kogin Rhone daga Bahar Rum ɗauke da man zaitun da giyar inabi, a sauke a Lugdunum, sa'an nan a ɗora wa wasu jiragen ko kekunan shanu su yi arewa da su. Masu jirage suna da ƙungiyoyinsu, dillalan giya ma suna da tasu.

Inda ciniki yake kuwa ba a rasa baƙi. Duwatsun kaburbura da aka tono a garin da kewayensa sun nuna irin mutanen da suka zauna a can a ƙarni na 2 da na 3. Akwai na wani mai aikin gilashi da ya zo daga Kartaj, a ƙasar Tunisiya ta yau, akwai kuma na wani falke mutumin Siriya wanda aka rubuta masa nasa da Girkanci da Latin. Mutanen gabas suna da yawa a kasuwa da bakin kogi, kuma Girkanci suke yi a tsakaninsu.

Garin har wa yau cibiyar bautar Kaisar ne. A shekara ta 12 kafin haihuwar Annabi Isa aka keɓe wani babban bagadi a kan gangaren da ke hayin Kogin Saone, da sunan birnin Rum da Kaisar Agustus. Kowace shekara, ran 1 ga watan Agusta, wakilan ƙabilu 60 na ƙasar Gol sukan taru a wurin su yi hadaya, su sabunta mubaya'arsu ga sarki. A shekarar 19 miladiyya aka gina filin wasa kusa da bagadin, daga bisani aka faɗaɗa shi har ya iya ɗaukar mutum wajen 20,000. A nan ake haɗa mutane faɗa da juna ko da namun daji a lokacin biki.

Rumawa ba su cika damuwa da addinin baƙo ba, muddin zai girmama gumakan gari ya kuma yi hadaya don lafiyar sarki. An sami wani dutse a Liyon mai ɗauke da shekarar 160, wanda ya nuna masu bautar Sibili, wata gunkiya da asalinta daga Firijiya ne, sun yanka bijimi don lafiyar Kaisar. Su ma addininsu daga gabas ya zo, amma ba wanda ya taɓa su. Kiristoci ne suka ƙi yin hadayar ko ƙanƙani, daga nan kuwa rigimarsu da gari ta samo asali.

JAMA'AR FOTINUS

Sunan Fotinus na Girkanci ne, ma'anarsa wanda ake bege. Masana da yawa suna ganin shi ma daga Asiya ya fito, kamar galibin manyan jama'arsa. Tun da yake ya haura 90 a shekarar 177, ke nan an haife shi wajen shekarar 87 ko kafin nan. Bisa ga abin da Kiristocin farko suka ruwaito, a lokacin Yahaya, ɗaya daga cikin almajiran Yesu Almasihu, yana nan da rai a birnin Afisa. Watau tsohon da aka gurfanar a Liyon sa'an waɗanda suka ga ƙarshen zamanin manzanni ne da idonsu.

Wasiƙar ta ambaci mutanensa da sunayensu. Akwai Atalus mutumin Fargamum, wanda yake da 'yancin ɗan Rum, kuma jama'ar suna ɗaukarsa ginshiƙinsu. Akwai Iskandar, likita, mutumin Firijiya, wanda ya shekara da yawa a ƙasar Gol har kusan kowa ya san shi. Akwai Iraniyus, dattijon ikilisiya, wanda tun yana yaro a Asiya ya saurari wa'azin Folikaf, bishof na Simirna, garin da ake kira Izmir yanzu. Ba duka ne baƙi ba. Betiyus Efagatus saurayi ne mai mutunci a idon gari, Sanktus kuwa dikon ne daga Vienne, wani gari mai nisan kimanin kilomita 30 a kudu, kuma da Latin ya yi magana a gaban shari'a. Akwai Maturus wanda bai daɗe da yin baftisma ba, da Fontikus yaro ɗan shekara 15, da wata baiwa mai suna Balandina wadda ita da uwargijiyarta duka Kiristoci ne.

A wancan zamani Kiristoci ba su da ginin sujada, a gidajen junansu suke taruwa. Wani malaminsu mai suna Jastin, wanda ya yi rubutu a birnin Rum wajen shekarar 150, ya bayyana aikin shugaban taro. Shi yake yin wa'azi bayan an yi karatu, shi yake jagorar addu'a, kuma a hannunsa ake ajiye abin da masu hali suka bayar. Daga ciki yake taimakon marayu da gwauraye da marasa lafiya da 'yan kurkuku da baƙin da suka sauka a garin. Ke nan bishof a gari irin Liyon liman ne, ma'aji ne, kuma shi ne mai masaukin duk wanda ya sauko daga jirgi da saƙo daga gida. Irin aikin da ke wuyan Fotinus ke nan har ƙarshen ransa.

DOKA DA JITA-JITA

Matsayin Kiristoci a dokar Rum mai rauni ne ƙwarai. Wajen shekarar 112 wani gwamna mai suna Filini, wanda yake riƙe da lardin Bitiniya, ya rubuta wa Kaisar Tarajan yana tambayar yadda zai yi da su. Kaisar ya amsa cewa kada hukuma ta tafi farautarsu, kada kuma ta karɓi ƙarar da ba ta da sunan mai kawo ta. Amma idan wani ya kawo ƙara a fili aka kuma tabbatar, sai a hukunta mutumin, in dai ba ya musa ya yi wa gumaka hadaya ba, sa'an nan a sake shi. Ma'anar wannan ita ce Kirista zai iya shekara 30 yana sana'arsa lafiya, amma ran da maƙwabcinsa ya ga dama ya kai shi ƙara, to, ransa yana hannun gwamna.

Zamanin Kaisar Markus Oreliyus, wanda ya hau mulki a shekarar 161, zamanin wahala ne. Tun daga wajen 165 wata annoba da sojoji suka kwaso daga yaƙin gabas ta yi ta kashe mutane a ko'ina cikin daular, ga kuma yaƙi da ƙabilun Jamus a bakin Kogin Danube wanda ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. A ganin talakan Rum, masifa ba ta sauka sai gumaka sun yi fushi, ba kuwa abin da zai fusata su kamar a ce akwai waɗanda suka ƙi yi musu hadaya suna zaune a cikin gari. Saboda haka ake kiran Kiristoci marasa allah.

Ban da wannan kuma ga jita-jita. Mutane sun ji Kiristoci suna taruwa tun kafin gari ya waye, sun ji suna maganar cin jiki da shan jini a wurin jibinsu na gurasa da ruwan inabi, sun ji mata da miji suna kiran juna ɗan'uwa da 'yar'uwa. Daga nan aka ƙulla labarin wai suna yanka jarirai su ci, wai kuma suna lalata da muharramansu. Wanda bai taɓa shiga gidansu ba shi ya fi kowa rantsuwa a kan haka.

YADDA FITINAR TA TASHI

Wasiƙar ta ce da hani aka fara. Aka hana Kiristoci shiga gidajen mutane, da gidajen wanka na jama'a, da kasuwa, har ta kai ba a son a gan su a ko'ina. Ga mutanen da yawancinsu da ciniki da sana'a suke ci, hana su kasuwa daidai yake da hana su abinci. Sa'an nan 'yan gari suka fara tare su a hanya da zagi da duka da jifa, suna wawashe kayansu. Daga ƙarshe kwamandan sojojin garin da manyan gari suka kai su dandali, aka yi musu tambayoyi a gaban jama'a, aka kulle su har gwamna ya dawo, don ba ya gari a lokacin.

Da gwamna ya zauna shari'a, Betiyus Efagatus, wanda ba a kama shi ba, ya miƙe ya nemi izinin kare su, ya ce zai nuna ba wani abin ƙi a cikin al'amarinsu. Jama'a suka yi masa ca. Gwamna bai saurari roƙonsa ba, tambaya ɗaya ya yi masa, ko shi ma Kirista ne. Ya amsa da babbar murya cewa shi ne, nan take aka haɗa shi da sauran.

Mutum wajen 10 daga cikin waɗanda aka kama da fari suka karaya suka musa addininsu. Wannan ya fi duka yi wa saura ciwo, don waɗanda ba a kama ba tukuna suka shiga fargaba. Gwamna kuwa ya ba da umarni a nemo su duka, abin da ya saɓa wa umarnin Tarajan. Aka kama wasu bayi arna da suke aiki a gidajen Kiristoci. Da bayin nan suka ga irin azabar da ake gana wa iyayengijinsu, sojoji kuma suna zuga su, sai suka ba da shaidar cewa labarin cin jarirai da lalata gaskiya ne. Nan da nan gari ya ɗauka, har waɗanda a da suke sassauci saboda zumunci ko abota suka juya musu baya.

Sai aka shiga azabtarwa don a tilasta wa wani ya tabbatar da shaidar bayin. Aka yi ta yi wa Balandina tun safe har yamma, masu azabar suna karɓar juna har suka gaji, ita kuwa ba abin da take faɗi sai cewa ita Kirista ce kuma ba a aikata mugun abu a cikinsu. Sanktus ya ƙi faɗin sunansa, ko garinsu, ko shi ɗa ne ko bawa. Kowace tambaya aka yi masa amsarsa ɗaya ce, shi Kirista ne, har aka manna masa farantan tagulla masu zafi a jiki. Wata mace mai suna Bibilis, wadda tana cikin waɗanda suka musa, aka kawo ta don ta ba da shaida a kan 'yan'uwanta. A tsakiyar azaba ta tambaye su yaya mutanen da ko jinin dabba ba a yarda su ci ba za su ci 'ya'yan mutane, sa'an nan ta koma kan addininta. Saura aka zuba su a wuri mafi duhu na kurkuku, aka sa su a turu, aka buɗa ƙafafunsu har rami na 5. Da yawa suka mutu a can saboda rashin iska.

A GABAN GWAMNA

A cikin wannan hali ne aka zo kan Fotinus. Masu wasiƙar sun ce jikinsa ya riga ya ƙare saboda tsufa da ciwo, amma zuciyarsa tana ɗokin ya ba da shaida. Sojoji suka ja shi zuwa gaban kujerar shari'a, manyan gari suna rakiya, jama'a suna ta ihu a kansa sai ka ce Almasihun ne da kansa aka kamo.

Gwamna ya tambaye shi wane ne Allahn Kiristoci. Tsohon ya amsa masa a taƙaice cewa idan ya cancanta zai sani. Iyakar maganarsa ke nan da tarihi ya adana. Ga mai sauraro a dandalin, amsar ta yi kama da raini ga wakilin Kaisar. Amma Kiristocin wancan zamani ba sa buɗe asiran addininsu sai ga wanda ya zo neman sani da gaske ya kuma zauna aka koya masa, gwamna kuwa ya riga ya yanke hukunci a ransa kafin ya yi tambayar. Fotinus bai roƙi sassauci saboda shekarunsa ba, bai kuma ja doguwar muhawara ba.

Da jin haka aka fizge shi ba tausayi. Waɗanda suke kusa suka rufe shi da duka, wasu da hannu wasu da ƙafa, ba wanda ya dubi furfurarsa. Na nesa kuwa kowa ya jefe shi da abin da hannunsa ya kai gare shi. Wasiƙar ta ce kowannensu gani yake idan bai sa hannu ba ya yi wa gumakansa laifi. Aka jefa shi kurkuku da sauran numfashi kaɗan, bayan kwana 2 ya cika.

ABIN DA YA BARI

Hausawa sun ce tsintsiya maɗaurinta ɗaya, kuma mai yiwuwa masu mulkin Liyon sun zaci da mutuwar tsohon jama'ar za ta watse. Abin da ya faru a kurkukun bayan rasuwarsa shi ya nuna irin tarbiyyar da ya yi musu.

Waɗanda suka musa addininsu ba a sake su ba, domin yanzu da laifin kisan kai ake riƙe da su, bisa shaidar bayin nan. Suna nan a ɗaki ɗaya da waɗanda suka tsaya, kansu a sunkuye, arna ma suna yi musu ba'a suna ce musu matsorata. Ana cikin haka aka fitar da mutum 4 zuwa filin wasa. Maturus da Sanktus suka mutu a ranar bayan bulala da namun daji da kujerar ƙarfe mai zafi. Aka rataye Balandina a jikin gungume amma ba dabbar da ta taɓa ta, sai aka mai da ita kurkuku. Atalus kuwa an zagaya fili da shi, da allo a gabansa mai ɗauke da sunansa da laifinsa, sai gwamna ya ji cewa yana da 'yancin ɗan Rum. Ya sa aka mai da shi, ya rubuta wa Kaisar yana neman umarni.

Kafin amsa ta zo an ɗauki lokaci, a cikin lokacin nan ne kuwa waɗanda suka sha azaba suka jawo waɗanda suka karaya a jiki. Ba su yi musu gori ba, ba su ware su ba, sai addu'a suke yi musu da hawaye, suna kuma yi wa masu azabtar da su addu'a. Idan wani ya kira su shahidai sai su tsawata masa, su ce sunan na Almasihu ne da waɗanda suka riga suka cika, su dai masu shaida ne kawai marasa ƙarfi. Akwai wani a cikinsu mai suna Alkibiyadis wanda ya saba ba ya cin kome sai gurasa da ruwa, ya so ya ci gaba da haka a kurkuku. Atalus ya gaya masa an nuna masa cewa hakan bai dace ba, don yana ƙin abin da Allah ya halitta, yana kuma zama abin tuntuɓe ga saura. Alkibiyadis ya karɓi magana ya riƙa cin abin da kowa yake ci.

Mai karatu zai ga nauyin wannan hali idan ya dubi abin da ya faru a wasu wurare daga baya. Maganar yadda za a yi da waɗanda suka musa a lokacin tsanani ita ce ta raba ikilisiyar birnin Rum a shekarar 251, ita ce kuma ta raba ta Afirka ta Arewa tun daga wajen 311, rabuwar da ta wuce shekara 100 ba ta ɗinke ba. Mutanen Fotinus sun warware tasu a cikin turu.

Har daga kurkukun ba su manta da gida ba. A lokacin wata rigima ta tashi a Firijiya a kan wani mai suna Montanus da mabiyansa, waɗanda suka ce ana yi musu wahayi. 'Yan kurkukun Liyon suka rubuta wa 'yan'uwansu na can, suka kuma rubuta wa Elutirus, bishof na Rum, suna neman a zauna lafiya. Iraniyus suka ba saƙon Rum, suka yabe shi a cikin takardar.

BIKIN AGUSTA

Amsar Kaisar ta zo cewa a kashe duk wanda ya tsaya kan addinin, a saki wanda ya musa. Gwamna ya shirya zaman ƙarshe ya dace da farkon bikin Agusta, sa'ad da gari ya cika da baƙi daga ko'ina cikin ƙasar Gol. Aka ware waɗanda suka musa a da, aka yi musu tambaya dabam da nufin a sallame su. Abin mamaki, galibinsu suka ce su Kiristoci ne. Iskandar likita yana tsaye kusa da kujerar shari'a yana ƙarfafa su da alamun hannu da fuska. Jama'a suka lura suka yi kuka da shi, gwamna ya tambaye shi ko shi wane ne, ya ce shi Kirista ne, aka yanke masa hukunci a wurin.

Masu 'yancin ɗan Rum aka fille musu kai, saura aka kai su ga namun daji. Atalus, duk da 'yancinsa, gwamna ya ba da shi ga filin wasa don ya faranta wa jama'a, ya mutu tare da Iskandar. Aka bar Balandina da yaron nan Fontikus sai ranar ƙarshe, kullum ana kawo su su kalli abin da ake yi wa saura, ko za su rantse da gumaka. Suka ƙi. Fontikus ya riga ta cikawa, ita tana ƙarfafa shi. Ita kuwa bayan bulala da kujerar ƙarfe aka sa ta cikin raga aka jefa wa bijimi. Arnan da kansu suka ce ba su taɓa ganin mace ta jure irin wannan ba.

Gawarwakin waɗanda suka mutu a kurkuku an jefa wa karnuka, aka sa masu gadi dare da rana don kada a binne ko ɗaya. Kiristoci sun yi roƙo, sun yi tayin kuɗi, duk a banza. Bayan kwana 6 aka ƙone abin da ya rage aka share tokar cikin Kogin Rhone, wai don a ga ta inda za su tashi daga matattu kamar yadda suke faɗi. Saboda haka Fotinus ba shi da kabari. Jerin sunayen da ikilisiya ta adana daga baya ya ƙidaya mutum 48.

BAYAN SHEKARU

Iraniyus ne ya gaji Fotinus a kujerar bishof. Ya tattara waɗanda suka rage, ya rubuta babban littafi mai kashi 5 a kan koyarwar da yake ganin ta kauce hanya, a gabatarwarsa har ya nemi afuwa a kan Girkancinsa, ya ce zama cikin mutanen Gol ya sa yawancin maganarsa da harshensu yake yi. Wajen shekarar 190, sa'ad da Bikta, bishof na Rum, ya so ya yanke zumunci da ikilisiyoyin Asiya saboda saɓani a kan ranar bikin Ista, Iraniyus ne ya rubuta masa daga Liyon yana ba shi haƙuri. A shekarar 2022 Paparoma Faransis ya sa shi cikin manyan malaman ɗarikar Katolika. Addinin da aka zubar da tokar mabiyansa a kogi kuwa ya sami 'yanci a daular Rum a shekarar 313.

Liyon ba ta manta da bishof ɗinta na farko ba. Tun shekarar 1079 babban bishof na garin yake riƙe da laƙabin shugaban bishof-bishof na ƙasar Gol. Akwai majami'a mai sunan Fotinus a garin, wadda aka gina a ƙarni na 19, kuma kowace shekara ran 2 ga watan Yuni ake tunawa da shi da Balandina da sauran. Filin wasan ya daɗe a binne, sai a shekarar 1958 masu tono suka sami dutsen da aka rubuta sunan wanda ya gina shi, aka tabbatar shi ne. An kafa gungume a tsakiyarsa don tunawa, Paparoma John Paul na 2 kuma ya ziyarci wurin a watan Oktoba na 1986.

Daga bisa tudun nan na Fourviere, inda tsohon birnin yake, aka kafa wata ƙungiyar mishan ta Katolika mai aiki a Afirka, wadda aka fi sani da S.M.A., a shekarar 1856. Limamanta ne suka kafa mishan a Ikko a shekarun 1860, suka isa Lokoja a 1884, suka kuma sauka Shendam a 1907. Garin da baƙi daga Asiya suka kai wa addinin a cikin jiragen fatake, shi ne bayan shekara wajen 1,700 ya aiko da nasa mutanen zuwa bakin Kwara da Binuwai.